Tambayi Likita: Bayan dashen ƙoda, wace lambar jini za a yarda da ita?

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan watan na masu dashen ƙoda ne da iyalansu, don haka na ware musu shafin gaba ɗaya. Masu tambaya kan basir da ciwon gwiwa su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba. Tun da asibitin St Nicholas na Legas ya yi dashen farko a Najeriya a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu a 2002, ga kuma masu zuwa Indiya da Masar su dawo, masu yawo da ƙodar ɗan'uwa a cikinsu sun ƙaru sosai a garuruwanmu. Kamar kullum, na sakaya sunaye, na kuma taƙaita wasiƙun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. An yi wa maigidana dashen ƙoda a Indiya wata 8 da suka wuce, ƙaninsa ne ya ba shi. Da za a sallame mu, takardarsu ta nuna kiriyatinin 1.3. Muna dawowa gida aka auna, sai muka ga 118, ranar kwana na yi ina kuka. Daga baya ya zama 131, sannan 122. Wata mata da muke haɗuwa a layin ganin likita nata 80 ne. Ƙodar ta fara lalacewa ke nan? Kuma wace lamba ce za ta gaya mana shekara nawa za ta yi?
Daga wata uwargida a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya saka wa ƙaninsa da alheri. Kukan daren nan dai asara kika yi, domin 1.3 ɗin Indiya da 118 ɗin gida kusan abu ɗaya ne, mudun awon ne ya bambanta. Can suna rubuta kiriyatinin da miligiram a desilita, yawancin ɗakunan gwajinmu kuwa da maikuromol a lita. Ki ninka lambar Indiya sau 88 sai ki samu tamu: 1.3 ya koma wajen 115. Da asibitocin da ke sallamar mutanenmu a waje za su ƙara wannan layi ɗaya a takarda, da an rage wa mata da yawa hawaye.

Shi kiriyatinin datti ne da tsokar jiki ke fitarwa kullum, ƙoda ta tace shi ta zubar a fitsari. Mai yawan tsoka ya fi mai ƙarancinta fitar da shi. Saboda haka 80 a jikin siririyar mace da 120 a jikin ƙosasshen namiji suna iya nufin aiki iri ɗaya. Kowace ƙoda kuma da irin ƙarfin da ta zo da shi. Ta ɗan shekara 25 ba ɗaya take da ta ɗan shekara 55 ba, kuma idan aka ɗauki ƙodar ƙaramar mace aka sa wa ƙaton namiji, lambar za ta ɗan yi sama ko da ƙodar lafiyarta ƙalau. Ki daina leƙa takardar abokiyar layinki. Lambar da za ki gwada ta maigida da ita, tasa ce ta watan jiya.

A makonnin farko bayan dashe lambar kan yi ta sauka har ta samu mazauni. Ta maigida, bisa abin da kika rubuto, ta zauna a wajen 120. Hawa zuwa 131 da dawowa 122 kai-kawo ne da ba ya hana ni barci. Abin da ke sa in miƙe daga kujera shi ne ƙarin kashi 1 cikin 4, wato a wurinsa 150 ko sama da haka. Sai kuma hawan nan na sanɗa wanda ba ya dawowa: 122 yau, 130 wata mai zuwa, 139 na bayansa. Duk wanda kuka gani a cikin biyun, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati, ku nemi likitansa a ranar ko washegari.

Ba kowane hawa ne ke nufin jiki ya ƙi ƙodar ba. A bazara, musamman Afrilu da Mayu, ƙarancin ruwan jiki kaɗai yakan ɗaga lambar, haka ma gudawa da amai. Wanda ya yi wa tsire ko kilishi cin ƙoshi kafin a ɗebi jininsa zai ga ƙari na ɗan lokaci, domin dafaffen nama na ɗauke da kiriyatinin. Septrin da ake ba masu sabon dashe na wasu watanni shi ma yakan ɗaga lambar kaɗan ba tare da ya taɓa lafiyar ƙodar ba. Sauya ɗakin gwaji na iya kawo bambanci, don injin wannan ba lallai ya yi daidai da na wancan ba, shi ya sa nake son mutum ya riƙe wuri ɗaya. Amma magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis, irin su daikulofenak da aibufurofen da Feldene, waɗannan ɓarna suke yi ta gaske, kada ko ɗaya ya shiga gidanki. Haka jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa a gora.

Ga inda kiriyatinin ke da rauni kuma, gara ki sani. Mai gadi ne da ba ya ihu sai ɓarayi sun yi nisa da kaya. Ƙoda kan iya rasa kaso mai yawa na aikinta, wani lokaci har kusan rabi, kafin lambar ta fita daga abin da takardar gwaji ke kira daidai. Wannan ne ya sa likitoci ke haɗa shi da wasu shaidu. Akwai sistatin C, wani furotin da kusan duk ƙwayoyin jiki ke fitarwa, ba ruwansa da yawan tsoka ko naman da aka ci, sai dai furednisolon da masu dashe ke sha yana ɗaga shi, ciwon maƙoƙo ma yana karkatar da shi, ga shi ya fi tsada. Akwai kuma lissafin da za ki gani a takarda da sunan eGFR, wanda ke haɗa kiriyatinin da shekaru da jinsi ya ƙiyasta yawan jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya. Kafin 2021 lissafin da aka fi amfani da shi yana ƙara wa baƙar fata kusan kashi 16 cikin 100, bisa zaton sun fi tsoka. Binciken da aka yi a Ghana da Afirka ta Kudu ya nuna ƙarin nan yana sa ƙodar ɗan Afirka ta yi kamar ta fi yadda take lafiya, Amurkawa da kansu kuma suka cire shi a 2021. Idan takardarku ta zo da lamba biyu, ki ɗauki ƙaramar. Shaida ta uku ba ta jini ba ce, amma na fi son ta fiye da gwaje-gwaje masu tsada da yawa: furotin a fitsari. Ƙodar da ta fara zubar da furotin tana faɗin wani abu, ko da kiriyatinin bai motsa ba.

Sai tambayarki ta ƙarshe. A 2002 an buga wani babban bincike a Amurka kan dashe sama da 100,000 da aka yi tsakanin 1988 da 1998. Ya nuna waɗanda kiriyatinin ɗinsu bai wuce 1.5 ba bayan cika shekara, wato wajen 133 a ma'auninmu, kuma bai yi wani hawa ba tsakanin wata na 6 da na 12, ƙodarsu ta fi daɗewa. Maigida yana kan hanyar shiga wannan rukuni, alhamdulillahi. To amma wannan magana ce ta taron jama'a. A kan mutum ɗaya, ba likitan da zai dubi lamba ya ce miki shekara kaza, kuma wanda ya faɗa miki haka ki riƙe jakarki da kyau. Abin da ke hannunku shi ne yin gwajin a kan lokaci. Ƙa'idar da ƙungiyar KDIGO ta fitar a 2009 ta ce daga wata na 4 zuwa na 6 a auna duk mako 2, daga na 7 zuwa na 12 duk wata, bayan nan duk wata 2 zuwa 3. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki ja layi: kwanan wata, kiriyatinin, takrolimus (maganin danne garkuwar jiki da ake auna yawansa a jini), awon hawan jini, nauyi, furotin a fitsari. Duk likitan da kika miƙa wa littafin nan zai fahimci ƙodar maigida cikin minti biyu, fiye da yadda zai fahimta daga leda cike da takardu.

TAMBAYA: Dakta barka da aiki. Shekarata 27, mahaifiyata ce ta ba ni ƙoda shekara 2 da suka wuce. Kiriyatinin ɗina ya tashi daga 105 zuwa 142 cikin shekara guda. Likitana ya ce sai an soka allura an ciro ɗan naman ƙodar an duba, ni kuwa tsoro nake ji. Na gani a YouTube cewa a Amurka akwai gwajin jini da ke gano ko jiki na ƙin ƙoda ba tare da an soki mutum ba. Ina tunanin sayar da adaidaita sahuna in aika jinina. Me za ka ce?
Daga wani matashi a Kano

AMSA: Ƙanena, kada ka sayar da abin neman abincinka. Gwajin da ka gani gaskiya ne, ba damfara ba ce, amma ba shi ne amsar matsalarka ba.

Ga yadda yake. Kullum ƙwayoyin jiki suna mutuwa, suna zubar da gutsattsarin DNA ɗinsu a jini. Ƙodar da ke cikinka DNA ɗin Hajiya take ɗauke da shi, ba naka ba, don haka idan aka ɗebi jininka ana iya ƙirga kashi nawa na gutsattsarin nata ne. Idan ƙodar na zaune lafiya, kason nata ɗan kaɗan ne. Idan ana ji mata rauni, sai ya ƙaru. Wani masani a Hong Kong, Dennis Lo, shi ya fara nuna haka a 1998, inda ya gano DNA irin na maza a jinin matan da aka dasa musu ƙoda ko hantar namiji. An ɗauki shekaru kafin abin ya zama gwajin da ake sayarwa, yanzu akwai irin su AlloSure da Prospera. A binciken 2017 da ya fito da gwajin fili, an duba mutum 102 a Amurka, aka ɗauki kashi 1 cikin 100 a matsayin iyaka. Waɗanda sakamakonsu ya faɗo ƙasa da iyakar, fiye da 8 cikin 10 ba a samu jikinsu na ƙin ƙodar ba da aka duba naman. Waɗanda nasu ya haura kuwa, wajen 6 cikin 10 ne aka tabbatar. Ka ga ke nan ya fi ƙwarewa wajen kwantar da hankali fiye da yanke hukunci. Rauni yake gani, ba ya faɗin wanda ya yi raunin. Ciwon sanyin fitsari da ya hau ƙoda ko wata ƙwayar cuta ma suna iya ɗaga shi.

To ka duba naka. Ƙarin da ka samu ya kai kashi 1 cikin 3. Idan gwajin Amurka ya dawo sama, likitanka zai ce a ciro naman. Idan ya dawo ƙasa, har yanzu tambayar tana nan, me ya ɗaga lambar, sai a ce a ciro naman. Ko ta ina ka bi, wurin allurar nan za ka dawo, sai dai ka dawo ba adaidaita, ga makonni sun tafi.

Su makonnin nan su ne abin da nake ji wa tsoro, ba allurar ba. Ƙodar dashe a gefen mara take, kusa da fata, ta fi ta haihuwa sauƙin kaiwa. Za a kashe wurin da allura, a duba da na'urar hoton ciki, a ciro ɗan nama siriri, ka kwanta na wasu awoyi. Haɗarin da aka fi sani shi ne zubar jini, kuma mai tsananin ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ɗan naman nan zai faɗa, babu gwajin jinin da ya kai shi. Ƙin ƙoda iri biyu ne: wanda fararen ƙwayoyin jini ke kai farmaki da kansu, ana maganinsa da allurar sitiroyid mai ƙarfi, da wanda antibodi ke yi, wato sinadaran yaƙi da garkuwar jiki ke ƙerawa, wanda ke buƙatar a tace jini a cire su a kuma ƙara wasu magunguna. Wani lokaci ma ba ƙi ba ne sam, maganin ne ya yi yawa, ko ciwon da ya kashe ƙodojinka na asali ne ya dawo. Tun 1991 likitoci suka haɗu a garin Banff na Kanada suka tsara ma'auni ɗaya na karanta wannan nama, ana ta sabunta shi har yau.

In kana da kuɗin gwajin jini ɗaya mai tsada, ka tambayi likitanka game da wanda ake kira DSA. Shi yana neman antibodin da jikinka ya ƙera musamman don yaƙar ƙodar Hajiya. Su kan bayyana a jini watanni, wani lokaci shekaru, kafin kiriyatinin ya motsa, kuma mai su ya fi wanda ba shi da su haɗarin rasa ƙoda. Likitocin Faris, ƙarƙashin Alexandre Loupy, sun fitar da wani lissafi a 2019 mai suna iBox daga bayanan mutum 7,557, wanda ke ƙiyasta haɗarin mutuwar ƙoda nan da shekara 3, 5 ko 7. Ka san abin da suka zuba a ciki? Tsawon lokaci tun dashe, ƙarfin tacewar ƙoda, furotin a fitsari, DSA, da abin da aka gani a naman. Wato ko mafi ƙwarewar masu hasashe ba su tsallake allurar da kake gudu ba.

Akwai tambayar da ba ka kawo ba, ni zan yi maka: a shekarar nan, sau nawa ka tsallake magani? Ba zargi ba ne, na san kuɗinsa, na kuma san yadda matashi ke ji idan jiki ya dawo daidai. Amma wani bincike da likitocin Edmonton ta Kanada suka jagoranta a 2012 ya gano kusan rabin waɗanda suka rasa ƙodarsu saboda ƙin jiki ba sa shan magani yadda aka ce. Idan akwai wani abu makamancin haka, ka faɗa wa likitanka gaskiya kafin ranar. Ka gaishe da Hajiya.

TAMBAYA: Lokotoro ina wuni. Daga Maraɗi nake zuwa Kano ganin likita. Wancan zuwan an auna takrolimus ya nuna 19, likita ya ce in sake, wai don na sha maganin kafin a ɗebi jini. Kuɗin gwajin ba kaɗan ba ne. Mene ne bambancin? Kuma me ya sa nake shan miligiram 5 safe da dare, alhali wani Ba'indiye da muka kwanta tare 2 kawai yake sha?
Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi

AMSA: Lafiya lau, Alhaji. Likitanka yana da gaskiya. Awa ɗaya zuwa uku bayan ka haɗiye takrolimus, yawansa a jini kan yi sama sosai, sannan ya yi ta sauka. Abin da ake son aunawa shi ne mafi ƙarancinsa, wato awa 12 bayan na dare, dab da shan na safe. Mai shan irin na sau ɗaya a rana kuwa awa 24. Idan ka sha na dare ƙarfe 8, a ɗebi jinin ƙarfe 8 na safe, maganin yana aljihunka, ka sha da zarar an cire allura. 19 ɗin nan ba ta gaya wa kowa komai ba, kuma da wani ya yarda da ita ya rage maka magani, da an jefa ƙodarka cikin haɗari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tunda hanya kake yi, ka kwana a Kano ka je da sassafe, ya fi maka araha a kan biyan gwaji sau biyu.

Yawancin cibiyoyi suna neman lambar ta tsaya tsakanin 8 da 12 a watannin farko, daga baya tsakanin 5 da 8 ko kusa da haka, amma likitanka ne zai faɗi taka. Idan ta yi ƙasa, garkuwar jiki ta farka ta far wa ƙodar. Idan ta yi sama, maganin da kansa ya matse jijiyoyin ƙodar, kiriyatinin ya hau, hannu ya kama karkarwa, suga ya tashi. Ni dai a ganina, a cikin duk gwaje-gwajen da ke hasashen gobe, wannan ne aka fi raina wa. Mutumin da lambarsa ke tsalle, yau 4 gobe 13 jibi 6, ya fi wanda tasa ke zaune haɗarin ƙera antibodi da rasa ƙoda, an sha nuna haka.

Batun Ba'indiye kuwa gado ne. Akwai wani sinadari a hanta da hanji mai suna CYP3A5 da ke narkar da takrolimus. Mafi yawan 'yan Afirka baƙar fata suna da shi mai aiki, Turawa kaɗan ne ke da shi, mutanen Indiya kuma suna tsakani. Mai irin namu yakan buƙaci ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na magani kafin ya kai lambar da ake so. Ba alamar ciwonka ya fi nasa ba ce, sai dai aljihunka ne ke jin jiki.

Abubuwan da ke girgiza lambar, ka riƙe su. Rifamfisin, wanda ke cikin maganin tarin fuka, yana zubar da ita ƙasa warwas, don haka duk mai dashen da aka ce yana da tarin fuka, likitan ƙodarsa ya sani kafin ya haɗiye ƙwaya ta farko. Eritiromaisin da kilaritiromaisin da fulukonazol suna ɗaga ta. Gudawa ma ɗaga ta take yi, ba ragewa ba kamar yadda mutane ke zato. Idan kuma kamfanin maganin ya sauya saboda wanda ka saba ya yanke a kasuwa, a sake aunawa bayan kamar mako guda.

TAMBAYA: Likita, 'yata wata 5 ke nan da dashe. An yi mata gwajin wata ƙwayar cuta BK, aka ce ta kai 25,000, sai likita ya rage mata maganin danne garkuwar jiki. Ni hankalina bai kwanta ba. Ba ragewar ce ke sa jiki ya ƙi ƙoda ba?
Daga wani malamin makaranta a Gashuwa

AMSA: Malam, damuwarka tana kan hanya, amma abin da likitan ya yi shi ne daidai. Mafi yawan manya suna ɗauke da BK tun ƙuruciya, tana kwance a ƙoda da hanyar fitsari ba ta cutar da kowa. A Landan aka fara gano ta a 1971, a fitsarin wani ɗan Sudan da aka yi wa dashen ƙoda, haruffan nan biyu ma na sunansa ne. Idan aka danne garkuwar jiki da yawa sai ta farka ta shiga cin ƙodar dashen. Tana bayyana a jini makonni kafin kiriyatinin ya hau, shi ya sa ake son auna ta duk wata a watannin farko. Idan ta haura 10,000 a kowace mililita, akan ɗauka ta fara taɓa ƙodar. Babu wani magani tabbatacce da ke kashe ta, garkuwar jikin yarinyar ce za ta yi aikin, don haka dole a sassauta mata.

Hatsarin shi ne ɓarnar BK da ƙin jiki suna kama da juna a lambar kiriyatinin, maganinsu kuma kishiyar juna ne. Wanda bai auna BK ba ya ƙara magani bisa zato, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Abin da za ka nema yanzu shi ne jadawali: a riƙa maimaita BK da kiriyatinin duk mako 2 zuwa 4 har lambar ta sauka, kuma idan da hali a auna DSA bayan ragewar, domin tsoron da kake ji gaskiya ne, wasu kan ƙera antibodi a wannan tsakanin. Kada ku ƙara ko ku rage ƙwaya ɗaya da kanku.

TAMBAYA: Shekarata 3 da dashe, kiriyatinin yana zaune a 98. Zan iya azumin Ramadan bana?
Daga wani dattijo a Jos

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. A shekarar farko muna hanawa. Bayan nan, binciken da aka yi a ƙasashen Larabawa ya nuna masu ƙoda mai ƙarfi da lamba zaunanniya irin taka yawancinsu suna azumi ba tare da ƙodar ta taɓu ba. Wanda eGFR ɗinsa ya yi ƙasa, ko yake zubar da furotin da yawa, ko jikinsa ya ƙi ƙodar kwanan nan, ko yake allurar insulin, shi kam rangwamen da aka yi wa marar lafiya ya same shi, malamai za su yi masa bayanin ramuwa ko ciyarwa. Kai kuma ka ga likitanka kafin watan ya kama, a auna kiriyatinin da fotashiyam da takrolimus, a mayar da maganin zuwa sahur da buɗa-baki, sannan a sake aunawa bayan azumi 7 zuwa 10. Ka sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba, ka guji rana. Ranar da amai ko gudawa ko jiri ya zo, ko fitsari ya ragu, ka karya azumin nan take ka je a ɗebi jini.